Kuɗi a Hannun Iyaye: Abin da Ya Faru a Makarantun Tawa da Damagaram

A ƙarshen shekarar 2007 ma'aikatar ilimin firamare ta Jamhuriyar Nijar, tare da haɗin gwiwar Bankin Duniya, ta zaɓi makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, ta jefa ƙuri'a a tsakaninsu, ta ware 500 ta damƙa wa kwamitin kowace makaranta kuɗi a hannu, sauran 500 kuwa aka bar su yadda suke domin a sami abin da za a kwatanta da shi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Idan aka yi lissafi a kan matsakaici, kowace makaranta ta sami dalar Amurka 209, wato kusan jaka ɗari na sefa (sefa 100,000) a canjin wancan lokaci, abin da bai kai jaka guda ba a kan kowane ɗalibi. Sai dai ga ƙauyen da bai taɓa ganin gwamnati ta ba iyayen yara ko dala ɗaya ta ce su kashe yadda suka ga ya dace da makarantarsu ba, wannan babban al'amari ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun bi diddigin abin da ya biyo baya, kuma abin da suka gano ya cancanci duk wanda ke da ɗa a makarantar gwamnati, a Nijar ko a Nijeriya, ya tsaya ya dube shi da idon basira.

Kafin a fahimci dalilin wannan gwaji, sai an koma baya kaɗan. A farkon wannan ƙarni Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa ƙarancin yara a makarantar boko, domin a shekarar 2000 adadin yaran da ke firamare bai kai kashi 40 cikin 100 na waɗanda shekarunsu suka isa ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998 da shirin raya ilimi na shekara goma da aka soma a 2003 sun sa gwamnati ta shiga buɗe makarantu a ƙauyuka da gaggawa, har ya zama cikin shekara goma adadin ya kusan ninkawa. Wannan gudu ya zo da farashinsa. Gwamnati ba ta da kuɗin gina azuzuwan siminti ga kowa, don haka aka cika ƙauyuka da azuzuwan zana da kara. Ba ta da kuɗin ɗaukar malamai a matsayin cikakkun ma'aikata, don haka ta koma ɗaukar 'yan kwantiragi, waɗanda albashinsu bai kai na takwarorinsu ba, da yawansu kuma ba su sami horon koyarwa mai tsawo ba. Ba a daɗe ba 'yan kwantiragi suka zama su ne mafi rinjaye a azuzuwan firamare. Sufeto ɗaya kuma yana iya samun kansa da makarantu masu yawa da ke warwatse cikin daji, ga rairayi, ga ƙarancin man babur.

A cikin wannan hali ne tunanin miƙa wani ɓangare na tafiyar da makaranta ga mutanen gari ya samu karɓuwa. Hujjar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'in da ke zaune a Yamai ba zai san cewa malamin wani ƙauye a yankin Ƙonni ko Mirya ya yi kwana goma bai shiga aji ba, amma uban da gonarsa ke bayan makarantar ya sani tun ranar farko. Aka kafa kwamitocin kula da makarantu da ake kira COGES, waɗanda daga baya aka sake wa suna zuwa CGDES. Kwamitin ƙarami ne: akwai wakilan ƙungiyar iyayen yara, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata, da wakilin malamai, da shugaban makaranta wanda ke riƙe da aikin sakatare, shugabancin kwamitin kuwa yana hannun ɗaya daga cikin iyaye.

Da farko yawancin kwamitocin suna ne kawai a takarda. Abin da ya hura musu rai shi ne shirin da hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara a jihar Tawa a shekarar 2004 mai suna Makaranta Ga Kowa, wanda ya ratsa zuwa Damagaram, daga baya kuma gwamnati ta ɗauki tsarinsa ta baza a ƙasa baki ɗaya. Tsarin ya tsaya a kan abubuwa masu sauƙin faɗa amma masu wuyar aikatawa. A zaɓi wakilan iyaye ta ƙuri'ar sirri a gaban taron gari, maimakon maigari ya nuna ƙanensa ko surukinsa. A tara jama'a su zayyana matsalolin makaranta da bakinsu, su tsara abin da za su iya yi a shekara da ƙarfin kansu, sannan a dawo a ƙarshen shekara a yi musu bayanin abin da aka tara da abin da aka kashe. A kuma haɗa kwamitocin kowace ƙaramar hukuma cikin tarayya guda domin su riƙa duba juna. Batun ƙuri'ar sirri ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin a ƙauyen da kowa ya san kowa, ba kowane talaka ne zai ɗaga hannu a bainar jama'a ya ƙi wanda maigari ke so ba, kuma mutane ba sa sakin jiki su ba da gudummawar hatsi ko kuɗi ga ma'ajin da ba su suka zaɓe shi ba.

Saboda haka lokacin da kuɗin 2007 suka iso, sun tarar da kwamitocin da suka riga suka saba da taro da tsara aiki, an kuma horar da su kan riƙon kuɗi. Ba a ɗaure musu hannu kan abin da za su saya ba. Tambayar da gwamnati da masu binciken suka sa a gaba ita ce ko kuɗi a hannun irin wannan kwamiti za su ƙara wa iyaye himma, ko kuwa za su sa su naɗe hannu su ce ai gwamnati ta ɗauke musu nauyi, sannan ko wannan himma za ta kai ga inganta koyarwa da karatun yara.

Amsar rabin farko na tambayar ta faranta rai. Iyaye ba su janye ba. A makarantun da suka sami kuɗin, halartar taro da shiga harkokin makaranta sun ƙaru, kwamitoci kuma suka ɗauki ƙarin nauyi a kansu. An kashe kuɗin a kan gini da gyaran azuzuwa da kayan aiki, da abubuwan kiwon lafiya irin su magungunan taimakon gaggawa, da bukukuwan makaranta, wasu kwamitocin kuma suka zuba wani kaso a harkar noma da fatan a sami riba da za ta riƙe makaranta a gaba. Akwai masu ganin wannan na ƙarshe a matsayin karkatar da kuɗin ilimi zuwa inda bai dace ba. Ni dai ina ganin wanda ya san yankin ba zai yi saurin yanke wannan hukunci ba. Shekara biyu kacal kafin nan, a 2005, waɗannan jihohi sun sha matsananciyar yunwa, kuma mutumin da ya ga irin wannan shekara, in aka ba shi kuɗin da bai da tabbacin za su sake zuwa baɗi, tunaninsa na farko shi ne yadda zai juya su su haihu. Tarihi ma ya gaskata tsoronsu, domin an tsara shirin ya yi shekara uku, amma tangarɗar isar da kuɗi daga sama da rikicin siyasar da ya faro daga tazarcen Shugaba Tandja Mamadou ya ƙare da juyin mulkin watan Fabrairun 2010 suka sa bai wuce zagaye ɗaya ba.

An kuma ga tasiri a kan zaman yara a makaranta, musamman ƙanana. Yaran aji ɗaya da na biyu sun fi tsayawa, barin makaranta a tsakaninsu ya ragu, kuma adadin 'yan aji biyu ya ƙaru a shekarar da ta biyo. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce a wurin da yaro ɗan shekara bakwai ke da aikin kiwo da ɗebo ruwa yana jiransa a gida. Uwa ta fi yarda ta saki ƙaramin ɗanta idan ta san akwai inuwa, akwai randar ruwa, akwai wanda zai ɗaure masa rauni idan ya faɗi. Su kuwa manyan yara, waɗanda ƙarfinsu ya isa a amfana da shi a gona ko a talla, gyaran aji bai isa ya canja lissafin iyayensu ba.

Rabi na biyu na tambayar shi ne inda al'amarin ya ɗaure kai. Da masu duba makarantu suka riƙa kai ziyarar ba-zata, sai suka tarar cewa zuwan malamai aiki ya ragu a makarantun da aka ba kuɗi, da kimanin kashi 4 cikin 100, alhali ko a makarantun da ba a ba komai ba malami uku ne cikin huɗu ake samu a bakin aiki. Wato abin da aka yi fata ya ƙaru, shi ne ya ja baya. Da aka gwada yara a jarrabawa kuma, ba a ga wani bambanci ba tsakanin waɗanda makarantarsu ta sami kuɗi da waɗanda ba ta samu ba.

Ya kamata a tsaya a kan batun malamai, domin a nan ne zuciyar lamarin take. Bayanin da masu binciken suka fi karkata a kai shi ne cewa malamai da yawa ba su ji daɗin sabon matsayin da iyaye suka samu ba. Wanda ya san zaman ƙauye zai gane yadda hakan ke faruwa. Malamin boko, wanda a Nijar ake kira mushe, ma'aikacin gwamnati ne da aka turo daga wani wuri, sau da yawa ɗan birni ne, wani lokaci ma ba ya jin harshen garin sosai. Gwamnati ce ta ɗauke shi, ita ke biyansa, ita ke canja masa wurin aiki, kuma a ganinsa sufeto ne kaɗai ke da hurumin tambayarsa. Kwatsam sai ga manomin da bai taɓa zama a aji ba yana riƙe da kuɗin makaranta, yana yanke shawara kan abin da za a saya, wani lokaci har yana tambayar dalilin da ya sa ba a buɗe aji ranar Litinin ba. Kwamitin yana da ikon tambaya, amma ba shi da ikon komai bayan tambayar: ba zai rage albashi ba, ba zai kori malami ba, ba zai kawo wani a madadinsa ba. Idan ma ya kai ƙara sama aka ɗauke malamin, ƙauyen na iya yin wata da watanni babu kowa a ajin. Iyaye sun san haka, malami ma ya san sun sani. Binciken ya nuna cewa a kwamitocin da ke da mambobin da suka yi boko an fi sa ido a kan zuwan malamai bayan an sami kuɗin, amma sa idon bai sa malaman sun ƙara zuwa ba.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi ɓangaren malamin. Ɗan kwantiragin da albashinsa ke makara, wanda sai ya yi tafiyar yini guda ko fiye kafin ya kai inda ake biya, wanda iyalinsa ke wani gari saboda babu ɗakin da zai ajiye su, ba lalaci kaɗai ke hana shi shiga aji ba. Yajin aikin 'yan kwantiragi kan albashin da aka riƙe abu ne da ya yi ta maimaituwa a Nijar shekara da shekaru. Malamin da ke cikin wannan hali, in ya ga kuɗi sun shigo makaranta an yi biki da su an sayi tabarmi, shi kuwa ko a tambaye shi inda yake kwana ba a yi ba, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta yi sanyi da aikin.

Akwai wani abu a cikin sakamakon da ke ƙarfafa wannan fahimta, kuma a ganina shi ne mafi daraja a binciken duka. A makarantun da ke da malami ɗaya tak, al'amarin ya juya: kwamitoci sun fi kashe kuɗin a kan abin da zai amfani malamin kai tsaye, kamar masaukinsa, kuma a waɗannan makarantu zuwan malami aiki ƙaruwa ya yi. Dalilin a fili yake. Ƙauyen da ke da malami ɗaya ya san cewa ranar da ya tafi, makaranta ta mutu, don haka suka ɗauke shi a matsayin baƙon da ake riƙewa da hannu biyu. Iyayen da ba su da sandar dukan malami sun yi amfani da abin da suke da shi, wato kyautatawa, kuma ta yi aiki inda sa ido ya kasa. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa: malamin allo ma garin ne ke ba shi masauki, ana kai masa kuɗin Laraba, ana taya shi noma, kuma dangantakar da ke tsakaninsa da iyaye ta mutunci ce kafin ta zama ta bincike.

Sai batun karatun yara, wanda shi ne dalilin gina makaranta tun asali. Me ya sa iyayen da suka nuna himma haka ba su juya kuɗin zuwa abin da zai sa 'ya'yansu su iya karatu da lissafi ba? A lokacin gwajin, manyan da suka iya karatu da rubutun boko a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, a karkara kuma adadin ya fi haka ƙasa, musamman a tsakanin mata. Da yawa daga cikin iyaye maza sun yi karatun allo, wasu na rubuta wasiƙa da ajami, amma a lokacin makarantar gwamnati da Faransanci take koyarwa tun daga ajin farko, in ban da ƙalilan na makarantun gwaji masu amfani da harsunan gida, waɗanda aka fara da ta Hausa a Damagaram tun 1973. Uba zai iya ganin rufin da ke yoyo, zai iya ƙirga bencina, zai iya sanin ko akwai alli. Amma idan ɗansa ya dawo gida yana rera jimlolin Faransanci da ya haddace, ba shi da hanyar gane cewa yaron ba zai iya karanta kalma ɗaya da bai taɓa ji ba. A wurinsa yaro yana zuwa lakwal, wato makarantar boko, yana wucewa aji na gaba, ke nan karatu na tafiya. Mutum yana gyara abin da idonsa ya gani ne, kuma ɓarnar da ta fi girma a makarantar ba ta ganuwa daga bakin ƙofa.

Girman wannan ɓarna ya fito fili a 2014, lokacin da shirin PASEC ya gwada ɗalibai a ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci. Nijar ce ta zo ƙarshe, inda fiye da tara cikin goma na 'yan ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake buƙata ba, a karatu da lissafi duka. A 2017 kuma gwamnati ta yi wa malamai 'yan kwantiragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. Babu kwamitin ƙauyen da jaka ɗari za ta ba shi ikon magance irin wannan. A Gambiya ma an yi wani gwaji makamancin wannan a kusan lokaci guda, inda horar da kwamitoci ya rage fashin malamai da na ɗalibai amma bai ɗaga sakamakon jarrabawa ba, sai a garuruwan da ke da manya masu ilimin boko da yawa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce miƙa makaranta ga jama'ar da ba su yi boko ba ɓata lokaci ne. Amma an sake gwadawa a Nijar ɗin, ta wata fuska. Tsakanin 2012 da 2014 aka ɗauki makarantu 180 a yankunan Say da Torodi na jihar Tillaberi aka raba su gida uku. Kashi na farko aka ba su kuɗi kawai, na biyu aka ba su kuɗi tare da wani horo na musamman, na uku ba a ba su komai ba. Horon bai shafi riƙon littafin kuɗi kaɗai ba. An koya wa kwamiti yadda za a yi wa yara gwaji mai sauƙi, a tara sakamakon, a kawo shi gaban taron gari a bayyana shi ta yadda wanda bai yi boko ba zai gane: yara nawa ne cikin aji suka iya haɗa lamba biyu, nawa ne suka iya karanta harafi, nawa ne ba su iya komai ba. Daga nan sai a tattauna abin da ke hana karatu, a duba yawan sa'o'in da yaro ke yi yana koyo da kayan da yake koyo da su, kafin a yanke shawarar inda kuɗi za su tafi. Mai binciken da ya bi wannan gwaji, Eiji Kozuka, ya tarar cewa makarantun da aka ba kuɗi kawai ba su nuna wani ci gaba a karatun yara ba, daidai da abin da aka gani a Tawa da Damagaram, amma a waɗanda aka haɗa kuɗi da horo sakamakon yara a lissafi da Faransanci ya tashi.

Abin da ya canja shi ne irin aikin da jama'a suka sa a gaba. Da iyaye suka ji da kunnensu cewa yaron da ya shekara huɗu yana zuwa makaranta bai iya ragi ba, sai kwamitoci suka shirya ƙarin darasi bayan an tashi, da karatun dare a ƙarƙashin fitila, suka sayi littattafan aiki, iyaye kuma suka ƙara kula da karatun yaro a gida. Karatun dare ba sabon abu ba ne a wannan yanki, tun da almajirai sun daɗe suna yin sa a bakin wuta. Abin da aka yi shi ne aron wani tsari da jama'a suka riga suka yarda da shi aka sa shi cikin hidimar boko. Wani abin lura kuma shi ne wannan hanya ba ta sa iyaye da malami gaba da gaba ba. Maimakon a ce wa malami ina ka shiga jiya, sai aka ce da shi ga halin da yaranmu ke ciki, me za mu yi tare. Daga wannan tushe ne shirin Makaranta Ga Kowa ya gina tsarin da matasan gari da suka ɗan yi karatu ke taimaka wa malamai wajen bitar lissafi a wajen lokacin aji, daga baya kuma aka haɗa shi da dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya ta raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajin da suke ba.

Dole a yi hattara wajen ɗora nauyi a kan waɗannan sakamako. Gwajin Tawa da Damagaram shekara ɗaya kawai ya yi, kuma gyaran aji ko ƙaruwar yara na iya ɗaukar lokaci kafin su bayyana a jarrabawa. Hasali ma idan yaran da da za su bar makaranta suka tsaya, galibinsu masu rauni ne a karatu, kuma hakan na iya danne matsakaicin maki. Say da Torodi kuwa ba ƙasar Hausa ba ce, yankin Zabarmawa da Fulani da Gurmawa ne da ke kusa da Yamai, kuma makarantu 60 da ƙwararru ke bibiya ba daidai suke da dubban makarantun da aka bar wa sufeto mai babur ɗaya ba. Akwai kuma wani nauyi da ba a cika ambata ba: duk sa'ar da matashi ya ba da yana koyar da yara da dare, da duk damin karan da uba ya kawo don rufa aji, haraji ne da talaka ke biya a kan abin da dokar ƙasa ta ce haƙƙinsa ne. A jihar Tawa, inda maza da yawa ke tafiya cirani da zarar an gama girbi, wannan nauyi a kan mata da tsofaffi yake sauka. Azuzuwan zana da jama'a ke kafawa kowace shekara ba sa samuwa sai an cire amfanin gona an sami kara, abin da ke cinye makonnin farko na shekarar karatu, kuma gobarar da ta kashe yara 20 a wata makaranta a Yamai a watan Afrilun 2021, da wadda ta kashe fiye da haka a Maraɗi a watan Nuwamban 2021, sun nuna iyakar abin da ya kamata a bar wa ƙarfin jama'a.

Wannan lamari ya shafi arewacin Nijeriya kai tsaye, domin tafarkin da aka bi kusan ɗaya ne. Majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da kafa kwamitocin kula da makarantu da ake kira SBMC a makarantun gwamnati tun tsakiyar shekarun 2000, kuma shirin NIPEP da aka fara a 2015 a jihohin Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, da shirin AGILE da ya biyo baya, duk sun bi ta hannun waɗannan kwamitoci wajen tura kuɗin gyaran makarantu. A nan ma ɗaukar malami da biyansa da canja masa wurin aiki suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, kwamiti kuwa nasa ido ne. Abin da aka fi nunawa idan baƙi sun zo shi ne fenti da rufi da bayan gida da rijiyar burtsatse, kuma duk ana buƙatarsu. Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne taron da shugaban makaranta zai tsaya gaban iyaye da mai unguwa da liman ya ce cikin yara sittin na aji huɗu, ga adadin waɗanda suka iya karanta jimla ɗaya da Hausa. A wannan fuska Nijeriya na da sauƙin da Nijar ta 2007 ba ta da shi, domin gwajin karatun Hausa abu ne da uwa za ta iya saurara da kunnenta ta gane ko ɗanta karatu yake yi ko hadda.

A Nijar kuwa, zagayen PASEC na 2019 ya nuna ɗalibanta sun ɗaga sosai idan aka kwatanta da 2014, ko da yake abubuwa da yawa sun canja a tsakanin shekarun biyar, har da tantance malamai, ta yadda ba za a jingina ci gaban ga kwamitoci kaɗai ba. Yankin Torodi, inda aka fara tabbatar da cewa iyayen da ba su yi boko ba za su iya ɗaga karatun 'ya'yansu idan aka nuna musu halin da ake ciki, yana kan iyaka da Burkina Faso, kuma yana daga cikin wuraren da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa a shekarun baya-bayan nan. Ɗaruruwan makarantu a jihar Tillaberi sun rufe, malamai sun janye zuwa manyan garuruwa, iyalai da yawa kuma sun bar ƙauyukansu tare da yaran da aka shirya wa karatun daren.